Yolette da 'Yar Baƙi a Hawa na Tara

Duk mai hawa bas ɗin ƙarfe shida da rabi daga unguwar Pine Hills ya san Yolette Sanon, ko da bai san sunanta ba. Gajeriya ce mai jiki, ta ba hamsin baya, kullum cikin shuɗiyar rigar kamfani, rataye da wata tsohuwar jakar yadi da ta cika da littattafan yara da kayan wasa. Kujera ta uku bayan direba take zama. Ba ta yawan magana, amma in jaririn wata ya ɓarke da kuka a cikin bas, sai ka ga ta miƙa hannu ba tare da ta nemi izini ba, kuma sau tari kafin tasha ta gaba yaron ya yi shiru.

A Léogâne aka haife ta, can Haiti, inda ta yi shekara goma sha biyu tana koyar da ƙananan yara a makarantar coci. Ranar da ƙasa ta girgiza tana tsakar makaranta, mijinta Wilner kuwa yana cikin shagon sayar da kayan gini inda yake aiki. Sai bayan kwana huɗu aka tono shi. Ta ɗauki 'yarta Fabiola, mai shekara bakwai a lokacin, suka biyo wata 'yar gwaggonta zuwa Florida. Shekara shida ta yi a ɗakin wankin wani otal tana ninke zannuwan gado, har fatar yatsunta ta tsattsage, kafin ta samu takardar shedar renon yara da ta taimakon gaggawa, wani kamfanin reno ya ɗauke ta.

Aikin kamfanin shi ne tura masu reno zuwa otal-otal ɗin da ke kewaye da manyan filayen shaƙatawa, masu lilo da jiragen wasa da ake hawa. Yaron da ya kai shekara huɗu ana iya barinsa a zauren yara da ke ƙasan otal, ya yini yana zane da cin biskit. Wasu iyayen sukan ɗauki mai reno ta bi su cikin fili tana tura keken jariri a rana, wasu kuma su bar musu ɗan a ɗaki su tafi. Yolette ta ɗaki ce, kuma ta jarirai. In aka ce yaro ɗan wata takwas ne mai ƙyuya, Darlene, wadda ke rabon aiki a ofis, ba ta ma duba jerin sunaye, lambar Yolette take bugawa. Shekarunta da yawa tana jin ihun mutane daga saman jiragen nan masu wulwulawa, amma sau biyu tak ta taɓa shiga filin, kuma ba ta hau komai ba. Ta ce ita ƙasa ta riga ta jijjiga ta kyauta, ba za ta biya a sake ba.

Abu ɗaya ne ya zauna mata a rai duk tsawon shekarun nan. Takardar zamanta ta wucin gadi ce, sabunta ta ake yi lokaci bayan lokaci, kuma kowane sabuntawa sai an tambaya ko sunan mutum ya taɓa shiga bakin hukuma. Saboda haka ko titi ba ta tsallakawa sai fitila ta ba da hannu. Dokokin kamfani kuwa ta haddace su kamar addu'ar barci: ba a yi wa yaro wanka, ba a kai shi bakin ruwa, ba a buɗe ƙofar baranda, ba a ba shi magani ko da na tari ne, kuma ba a karɓar yaron da ke zazzaɓi.

Ranar wata Talata cikin Agusta, Darlene ta tura ta wani otal mai siffar jirgin ruwa, hawa na tara, ɗaki na goma sha huɗu. Baƙi ne daga Ingila, yarinya 'yar wata goma sha tara, daga ƙarfe tara zuwa biyar.

Tana fitowa daga lifta ta ci karo da Clotilde, 'yar garinsu, mai sharar ɗakunan wannan hawa, tana tura amalanken tawul.

"Ka ga manya, masu aikin zama," in ji Clotilde. "Mu muna nan muna goge bayin Turawa, ke kina kwance kan gadonsu kina shan sanyi, wai aiki kike."

"Zo ki karɓa mana. Kunzugu uku kawai za ki canja ki gudu."

"Allah ya kiyaye. Nawa biyar na rena, ban ga ladan ko ɗaya ba. Me kika dafo?"

"Shinkafa da wake, da soyayyar agada. Ba naki."

"Sha biyu da rabi zan leƙo in ga ko gaskiya ne ba nawa."

Mijin ne ya buɗe ƙofa, dogo, rana ta gasa masa wuya ya yi ja kamar tattasai. Ya ce sunansa Craig Ashworth, ga matarsa Gemma. Manyan 'ya'yansu mata biyu sun riga sun sa takalma suna tsalle a bakin ƙofa. Ƙaramar, Poppy, tana barci a ɗan gadon da otal ya kawo, gashinta ya manne a goshi.

Yolette ta fito da fom ɗin kamfani ta miƙa wa uwar. Gemma ta cike a tsaye, ido ɗaya a kan agogo. Inda aka tambaya ko yarinya ta yi zazzaɓi ko ta sha wani magani cikin kwana guda da ya wuce, ta ja layi a ƙarƙashin "a'a" sau biyu.

"Ba ta yi barcin kirki jiya ba," ta ce. "Har yanzu jikinta bai saba da lokacin nan ba. In ta yi rigima ki ba ta ruwa kawai."

"To, Madam. Lambobinku biyu ke nan? In na kira za a ɗauka?"

"Wayar tana hannuna ko da yaushe," in ji Craig. "Ku zo mu tafi, bas zai wuce."

Gemma ta sunkuya ta sumbaci yarinyar, ta ɗan jima leɓenta na kan goshin, sannan ta fita ba ta waiwayo ba.

Yolette ta taɓa jikin Poppy, ta ji lafiya lau. Wajen ƙarfe goma ta shiga bayi wanke hannu, sai ta ga 'yar kwalbar maganin zazzaɓi ta yara a bayan kofin buroshi, da sirinjin ba da magani a gefenta, bakinsa da sauran jan ruwa mai danƙo wanda bai gama bushewa ba. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ce wa kanta yara uku ne a ɗakin, ƙila ɗaya daga cikin manyan ce ta kwana da ciwon kai. Kuma in ta kira mace tana cikin layi da 'ya'yanta ta ce mata, Madam, anya ba ƙarya kika rubuta ba, gobe ƙorafi ne zai isa teburin Darlene. Ta goge hannunta ta fito.

Poppy ta farka da ƙananan koke-koke. Ta ci ayaba rabi, ta ƙi sauran. Ta ɗan yi wasa da kofunan roba, tana yi tana jan kunnenta na dama. Da Clotilde ta leƙo ta ci rabin shinkafar a tsaye, ta dubi yarinyar ta ce, "Wannan 'yar taki idonta ya yi laushi."

"Gajiyar hanya ce, in ji uwarta."

"To, uwarta ta fi mu sani," in ji Clotilde, ta lashe cokali ta koma bakin aikinta.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci Poppy ta hau cinyar Yolette ta kwantar da kai a ƙirjinta. Nan Yolette ta ji zafin ya ratsa rigarta kamar an ɗora mata buredin da aka fito da shi daga tanda. Ta kira uwar, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta kira uban, haka. Ta sake, ta sake, ta bar saƙo, ta rubuta wani. Sannan ta kira ofis.

"Kada ki ba ta komai," in ji Darlene. "Kin san doka. Ki rage mata kaya, ki shafa mata ruwa, ki ci gaba da kiransu. Ni ma zan gwada ta nan. Nawa zafin?"

"Ba ma'auni a ɗakin. Amma Darlene, na san jikin yara. Wannan ba ƙarami ba ne."

"Ki kira teburin karɓar baƙi na ƙasa su aiko da ma'auni. In ya wuce misali sai mu san abin yi."

Ta kira teburin ƙasa, suka ce yanzun nan. Ta tuɓe wa yarinyar riga, ta jiƙa ƙaramin tawul tana goga mata a wuya da hammata, tana yi mata waƙar da take yi wa Fabiola tana ƙarama. A waje hadarin da ke zuwa kusan kullum da rana a wannan wata ya fara haɗuwa, ɗakin ya yi duhu-duhu. Poppy ta daina kuka, abin da ya fi kukan tayar wa Yolette da hankali ke nan.

Ƙarfe biyu saura minti goma, yarinyar ta miƙe a hannunta kamar an ja ta da igiya. Bayanta ya lanƙwashe, idanunta suka juye sai fari, hannuwanta suka dunƙule. Sai jijjiga ta fara, ƙafa da hannu suna bugawa tare, haƙoranta na gaba suna datse da ƙarfi.

Yolette ta taɓa ganin wannan a allon aji, a jikin 'yar tsana. Ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba. Na ɗan lokaci kanta ya zama fanko, ba Turanci ba yarensu. Hannuwanta ne suka tuna abin da aka koya musu. Suka sauke yarinyar kan kafet, suka juya ta gefe ɗaya, suka ture teburin da ke kusa. Ta dubi agogon gefen gado ta riƙe lokacin a ranta. Ta danna lambar gaggawa, ta ajiye wayar a ƙasa a buɗe. Sannan ta ja ƙofa ta ƙwalla wa Clotilde kira da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Matar da ta ɗauki wayar tana magana a nitse. Wane otal, wane ɗaki, shekarar yarinya nawa, tana numfashi?

"Ban sani ba. Ban sani ba, Madam. Bakinta yana yin shuɗi."

"Ki bar ta a gefenta. Kada ki danne ta, kada ki sa mata komai a baki. Ga su nan tafe. Ki faɗa min in ta tsaya."

Clotilde ta faɗo ɗakin, ta ga abin da ke ƙasa, ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Ta waiga ta rarumo cokalin da ta ci shinkafa da shi.

"Buɗe bakinta, za ta haɗiye harshe. Haka aka yi wa ɗan ƙanwata."

"Kada ki taɓa ta."

"Yolette, mutuwa za ta yi a hannunki."

"Na ce kada ki taɓa ta. Je ki tsaya bakin lifta ki nuna musu ɗaki."

Clotilde ta yar da cokalin ta fita da gudu. Yolette ta durƙusa, tafin hannunta ƙarƙashin kan yarinyar don kada ya bugi ƙasa. Kumfa ta fito ta gefen bakin. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Aradu ta faɗi kusa, tagar ta amsa, sai Yolette ta ji kamar benen ne ke motsi ƙarƙashin gwiwoyinta, ta tuna hawa tara ne tsakaninta da ƙasa. Ta rufe ido ta buɗe. Benen yana nan, yarinyar ce ke rawa. Ta riƙa cewa, "Ga ni nan, 'yata, ga ni nan," ba don tana zaton ana jin ta ba.

Cikin minti na huɗu bugun ya fara raguwa, ya zama 'yar karkarwa, ya tsaya. Poppy ta saki jiki gaba ɗaya kamar tsumma. Yolette ta kai kunnenta bakin yarinyar, ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta ita kanta. Can sai ƙirjin ya ɗaga, wani numfashi mai gurnani ya fito.

"Tana numfashi," ta gaya wa wayar. "Ta tsaya. Tana numfashi."

Ma'aikatan motar asibiti biyu suka shigo da jakunkuna, manajan otal a bayansu, sai kuma ɗan sanda, wani ƙaƙƙarfa mai askakken kai. Ganin kakinsa ya sa Yolette ta tuna da takardar zamanta. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, mace, ta sa wa yarinyar ma'auni ta ce ɗari da huɗu a ma'aunin Amurka, alhali ɗari da ɗaya ma ya isa a kira iyaye. Ta tambaya ko an ba ta wani magani yau.

"Ni ban ba ta komai ba," in ji Yolette. Ta san in ta ambaci kwalbar, za a tambaye ta me ya sa ba ta yi magana tun safe ba, kuma kwalba ba ta da bakin da za ta faɗi wanda ya buɗe ta. Amma ta dubi yarinyar da aka sa wa robar iska a fuska, ta tashi ta shiga bayi ta ɗauko kwalbar da sirinjin. "Na ga wannan da ƙarfe goma. Da danshinsa na gan shi. A fom an rubuta ba ta sha komai ba."

Matar ta karɓa ta jefa a leda. Ɗan sandan ya rubuta wani abu a littafinsa.

Tunda ba iyaye, ita aka ce ta bi motar. Clotilde ta cusa mata jakarta a hannu a bakin lifta, ta ce a yarensu, "Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kin ji ko?" Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. A cikin motar Poppy ta buɗe ido sau ɗaya, ta dubi rufin ba alamar ta san inda take, ta koma.

A asibiti aka shige da yarinyar, aka bar Yolette a wani ɗan lungu mai kujeru huɗu. Ɗan sandan ya zauna kusa da ita. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Madam Sanon, tambayoyi ne da dole in yi duk lokacin da yaro ya suma a hannun wanda ba iyayensa ba. Ta faɗi daga gado?"

"A'a, Yallaɓai."

"Kin girgiza ta? Ko don ta yi shiru?"

"Ban taɓa girgiza ɗan kowa ba."

"Kin bar ta ita kaɗai?"

"Sai da na shiga wanke hannu. Tana barci."

"Jakar nan taki, akwai magani a ciki?"

Ta zazzage masa jakar a kan kujera, littattafai da kofunan roba da kwanon abinci. Ya nemi katin shedarta. Ta ba shi na aiki, ya ce da ɗayan, na zaman ƙasa. Ya juya shi, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya ce yana zuwa, ya tafi da shi.

Sanyin na'ura ya kama ta cikin jiƙaƙƙiyar riga, haƙoranta suka fara haɗuwa. Ta kira Fabiola, wadda ke aji a makarantar koyon jinya.

"Mama, ina cikin darasi. Lafiya?"

"Ki saurare ni. Takardunmu suna cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Lambar fasto tana bayan kalanda. In ban dawo yau ba, ki kwana gidan Clotilde."

"Mama, me ya faru? Ina kike?"

Ta gaya mata a gutsure. Fabiola ta ce jijjigar zazzaɓi ce, yara da yawa suna yi, yawanci ba ta barin komai. Yolette ta ce, ai yawanci kika ce. Ta san yara, ta kuma san cewa in ɗan baƙo ya mutu a hannun baƙar mace mai takardar wucin gadi, ba littafin jinya za a buɗe ba. Can ƙasan wannan tsoron kuma akwai wani da ya fi shi nauyi, wanda ba ta gaya wa Fabiola ba: tun ƙarfe goma ta ga sirinjin nan, ta zaɓi ta yi shiru.

Sai kusan ƙarfe huɗu aka samo iyayen. Ashe sun kulle wayoyinsu da jakunkuna a akwatin ajiya kafin su shiga layin wani jirgi da ba a hawa da komai a aljihu, ruwa ya tsare su a cikin rumfar layin, suka ƙi fita don kada su rasa wurinsu. Masu gadin filin ne suka bi su da suna.

Craig ne ya fara shigowa, rigar ledar ruwa har yanzu a jikinsa. Gemma na bayansa, fuskarta fara fat. An bar manyan yaran wurin wata ma'aikaciya. Yana ganin shuɗiyar rigar ya nufo ta.

"Me kika yi mata? Lafiya lau muka bar ta. Awa biyar kawai, awa biyar. Me kika yi wa 'yata?"

Yolette ta miƙe, bayanta ya haɗu da bango. Turancin ya gudu mata. Ɗan sandan ya dawo ya shiga tsakaninsu, daidai lokacin da likita ta fito, wata siririya mai gilashi, riƙe da ledar nan.

Likitar ta ce yarinya ta farka, tana kuka tana neman uwarta, kuma wannan alama ce mai kyau. Kunnenta na dama ne ya kumbura da ruwa, ga dukkan alamu ya kwana biyu yana yi, shi ya kawo zazzaɓin, zazzaɓin ya kawo jijjigar. Sannan ta ɗaga ledar. "Ina bukatar in san ko an ba ta wannan yau, da ƙarfe nawa, kafin in ba ta wani."

"Ba mu ba ta komai ba," in ji Craig. "Ba ta da zazzaɓi da safe." Ya juyo kan Yolette. "Ke ce. Kin ɗura mata don ta yi barci ki huta, ko? Nawa kika ba ta?"

Ɗan sandan ya buɗe littafinsa. Yolette ba ta dubi mijin ba, ba ta dubi likitar ba. Gemma ce ta zuba wa ido. Gemma kuwa ƙasa take kallo, tana murza igiyar robar da aka ɗaura mata a hannu ta shiga fili. Fom ɗin da ta ja wa layi sau biyu yana cikin littafin ɗan sanda. Ba abin da ake bukata daga gare ta sai ta ci gaba da yin shiru, shi ke nan magana ta ƙare a kan Yolette. Yolette ta ji ƙarar digar ruwa daga rigar Craig zuwa ƙasa. Ta fara ƙirga ɗigon, ta kai goma sha ɗaya.

"Ni ce," in ji Gemma, da ƙyar ake jin ta. "Ƙarfe bakwai na safe. Da jiya da yamma ma."

"Gemma?"

"Kana wanka. Jikinta da ɗumi tun jiya, na ce haƙori ne. Na san in na rubuta ba za su karɓe ta ba, kuma yau ce ranarmu ta ƙarshe, shekara huɗu muna yi wa yaran nan alkawari. Na ce maganin zai riƙe ta har mu dawo." Ta rufe fuska da hannu biyu. "Matar nan ba ta yi komai ba."

Likitar ta rubuta lokacin, ta ce su biyo ta. Craig ya tsaya kamar an dasa shi, jan wuyansa ya hau har kunne. Sannan ya bi matarsa.

Ɗan sandan ya miƙo mata katinta. Ya ce likita ta ce yadda ta kwantar da yarinyar da yadda ta riƙe lokaci daidai ne, kuma a rahotonsa sunanta na mai ba da sheda ne kawai. Ta ce na gode, Yallaɓai, ta sa katin a jaka. Shi ya tattara mata littattafan da kofunan ya mayar.

Ta koma kan kujerar. Tana nan zaune Gemma ta fito ita kaɗai, ido a kumbure, ta tsaya a gabanta tana ba da haƙuri, maganar tana sarƙewa. Yolette ta bari ta gama.

"Madam, da kin gaya min da safe, da na ce ki zauna da ita, ko mu kai ta a duba kunnen ku tafi da rana. Mu ba ma cin mutane." Ta ja jakarta kan cinya. "Ni ma na ga kwalbar ban kira ki ba. Je ki wurin 'yarki."

Fabiola ta zo da motar wata ƙawarta ta ɗauke ta kafin rana ta faɗi. An sallami Poppy washegari, bayan kwana uku suka koma ƙasarsu.

Kwana tara Yolette ba ta karɓi aiki ba. Darlene ta kira ta ce kamfani ba shi da wani ƙorafi a kanta, ta ce ta sani. Ba ta cin abinci sosai, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa ta labule. Ran Lahadi Clotilde ta zo bayan coci da tukunyar miyar kabewa, ta zauna ta ba mutanen gidan labarin tun daga farko, amma a nata labarin ita ce ta hana a sa cokali.

"Ke dai ba ki da kunya," in ji Yolette. Ranar ce ta fara dariya.

Ta koma aiki ran Alhamis, saboda zaman gidan ya fi aikin ba ta tsoro. Ta sayi ma'aunin zafi nata na kanta. Yanzu kafin iyaye su sa ƙafa waje sai ta auna yaro a gabansu, ta shiga bayi ta duba, ta kuma tambaye su ko akwai inda za su kulle wayoyinsu yau. Wasu suna ɓata rai. Wata mata daga Ohio ta kai ƙararta ofis cewa tana yi musu tambayoyi kamar ɓarayi, Darlene ta ce mata in tana so a turo wata, sai dai ta jira zuwa gobe.

Da lokacin sabunta takarda ya zo, ta zauna da Fabiola a teburin kicin suna cikewa. Da suka iso tambayar hukuma, ta sa Fabiola ta karanta mata sau uku, sannan ta kira fasto, shi kuma ya haɗa ta da wata lauya ta cocinsu, wadda ta tabbatar mata mai sheda ba mai laifi ba ne. Duk da haka watanni biyar ɗin da ta yi tana jiran amsa ba ta yi ƙiba ba.

Har yau tana renon jarirai a otal-otal ɗin, kuma har yau ita ake turawa wurin masu ƙyuya. Sai dai ta daina karatu ko kallon waya in yaro ya yi barci. Kujera take ja kusa da gadon ta zauna. Jarirai kan yi miƙa cikin barci, su dunƙule hannu su lanƙwasa baya, kuma duk lokacin da wani ya yi haka sai ta tsinci kanta a tsaye, idonta a kan agogo, har sai ya saki jiki ya ci gaba da barcinsa.